Ruwan Alau Ya Cinye Mana Gida da Shagon Zane: Ta Ina Za Mu Fara?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni da maigidana masu zane ne a Maiduguri. Ni ina zane a takarda da yadi, ina kuma sassaƙa hoto a katako in buga shi da hannu. Shi kuma yana buga riguna da sikirin, wato ragar da ake tura fenti ta cikinta ya hau riga, na makarantu da na biki. Zauren gidanmu da ɗakin da ke kusa da shi su ne shagonmu. Da madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya kai mana ƙirji, muka fita da kayan jikinmu kawai. Jiya muka samu shiga gidan. Takarduna sun manne da juna cikin laka, injin gasa riga da janareta da kwamfuta duk sun nutse, ga rigunan wata makaranta da muka riga muka karɓi kafin alƙalami a kansu. Maigida so yake ya tayar da inji yau ya ga ko yana aiki, ni kuma na fara shanya zanena a rana. Tun da abin ya faru ba ya magana sosai. Ta ina za mu fara?

Amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannunku da wannan jarrabawa, Allah ya mayar muku da mafi alheri, ya jiƙan waɗanda suka rasu. Tun ambaliyar 1994 garinku bai ga ruwa irin na Satumban 2024 ba, saboda haka babu laifinku in kun rasa ta inda za ku kama.

Abu biyu muke roƙo tun kafin ki gama karanta wannan amsa. Ki kwashe zanen nan daga rana ki mayar inuwa, kuma ki roƙi maigida kada ya kunna komai. Inji da ya nutse, in ban da janareta, yana iya jiran mako biyu ba tare da ya ƙara lalacewa sosai ba, muddin wuta ba ta ratsa shi ba. Takarda ba ta da wannan haƙurin. Lokacin da take ƙarƙashin ruwa funfuna ba ta samun iskar da za ta tsiro, amma daga ranar da ruwa ya janye, a zafi da danshi irin na ƙarshen damina, kwana biyu zuwa uku ya ishi funfunar ta tsiro. Don haka aikin kwanakin nan na farko na takarda ne, kuma hannu huɗu yake so, naki da nasa.

Kafin ku sake shiga, ku zaga ginin ta waje. Katangar ƙasa tana shan ruwa daga gindi, kuma sau da yawa sai bayan ruwa ya tafi take zubewa. In kun ga sabuwar tsaga da ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko ƙofar da ke rufuwa da can yanzu ta ƙi, ko silin ya yi ciki, ku fitar da kaya da sauri, kada kowa ya kwana a ciki sai magini ya duba. Ku kashe wuta daga babban makunni kuna tsaye a busasshen wuri, ku cire wayoyin batirin inbata da na sola. Batirin litiyam da ya sha ruwa a fitar da shi tsakar gida nesa da kaya, don yana iya kamawa da wuta ko bayan kwanaki. Ruwan nan ya ratsa shadda da kwata kafin ya zo muku, don haka takalmin roba da safar hannu da takunkumi dole ne, kuma duk wanda ƙusa ko gilashi ya yanka ya je a yi masa allurar tetanos. Kada a zura hannu bayan kabad ko cikin kwali sai an fara taɓawa da sanda, macizai ma mafaka suka nema.

Sai hoto. Kafin a ɗaga ko tsinke, ku ɗauki hoton kowane ɗaki da waya: shatin ruwa a bango, kowane inji da lambar jikinsa, rigunan makarantar nan a inda suke kwance. Za mu dawo kan amfaninsa.

Yanzu takardunki. Ki raba su gida uku gwargwadon abin da aka zana da shi da irin takardar, don ba magani ɗaya suke so ba.

Hotunan da kika buga daga katako da tawada mai mai su ne masu ƙarfin hali, ruwa ba ya narkar da tawadarsu. Waɗannan za ki iya ɗauraye su. Ki cika faranti mai faɗi da ruwa mai tsabta mai sanyi, ki ɗora takardar a kan leda mai kauri, ki nutsar da su tare, ki girgiza farantin a hankali lakar ta tashi da kanta. Ba a goga, ba a sa sabulu, ba a sa bilic. Ki ɗago ta da ledar, kada ki kama ta a kusurwa, domin jiƙaƙƙiyar takarda nauyin kanta ma yana yaga ta.

Kashi na biyu shi ne duk abin da ruwa ke narkarwa: fentin ruwa, maka, biro, hotunan da ƙaramar firinta ta fitar, da tawadarmu ta gargajiya ta gawayi da ƙaro, irin wadda ake zayyana da ita. Waɗannan kada ruwa ya sake taɓa su. Ki shimfiɗa su fuska sama, ki bar lakar ta bushe a kansu, bayan kwanaki ki kakkaɓe ta da buroshi mai laushi daga tsakiya zuwa gefe. In kika goge laka tana ɗanya, cusa ta kika yi cikin zaren takardar, ba za ta ƙara fita ba. In kina shakkar wani zane, ki danna farin auduga a can gefe. In launi ya biyo shi, ɗan kashi na biyu ne.

Na uku, takarda mai ƙyalli, irin ta kalanda da mujalla da katin biki. An shafe fuskarta da farar ƙasa da danko, in ta bushe a manne ta zama kwali guda har abada. Ita za a fara rabawa tun tana jiƙe.

Ga yadda ake raba tulin da ya manne, kuma kayan aikin yana shagon maigida. Fim ɗin nan mai kama da leda da yake fitar da zane a kai kafin ya haska sikirin, ki wanke guda, ki ɗan jiƙa shi, ki ɗora a kan takardar sama, ki danna a hankali. Ki naɗo shi daga kusurwa ɗaya, takardar za ta biyo shi ita kaɗai ta bar 'yan'uwanta. Ki kifa ta a kan farin ƙyalle, ki zare fim ɗin. In ta ƙi biyowa, kada ki tilasta. Ki bar tulin ya ɗan tsane na 'yan sa'o'i ki sake gwadawa.

Wurin shanya kada ya zama ɗakin da ruwa ya shiga, bangonsa yana fitar da laima dare da rana. Ki nemi rumfa ko baranda ko ɗakin sama na wani ɗan'uwa. Ki shimfiɗa farin zanen gado ko tawul ko farar takardar da ba a buga komai a kai ba. Tsohuwar jarida tana zubar da baƙi. Gidan sauro da aka ɗaure a miƙe tsakanin benci biyu ya fi komai, don iska na ratsa takardar sama da ƙasa. In an samu fanka, a juya ta tana kaɗa iskar ɗakin, ba tana dukan takardun ba. Ki riƙa sauya shimfiɗar da zarar ta jiƙe. Rana tana busar da fuska ta bar ciki, takardar ta ƙudundune, launi ya koɗe, dutsen guga kuma ya gasa tabon a ciki. Idan ta kusa bushewa, ki taɓa da bayan hannu ki ji babu sanyi sosai, sai ki sa ta tsakanin farar takarda biyu, ki ɗora falange da ɗan nauyi, ta miƙe. Littattafan zanenki kuwa, ki saƙa farar takarda bayan kowane shafi 20 ko makamancin haka, kina sauyawa. In kika cusa a kowane shafi, ɗaurin littafin zai fashe.

In aikin ya fi ƙarfin kwana uku, akwai mafita: daskarewa. Masu adana littattafai sun koyi darasi mai tsada a ambaliyar birnin Fulorens na Italiya a 1966, lokacin da kogin Arno ya nutsar da ɗakunan karatu, kuma tun daga zamanin ake daskarar da jiƙaƙƙun takardu don a sayi lokaci. Sanyi ba ya busarwa, amma yana tsayar da funfuna da zubar launi. Ki yi ƙananan ɗauri, kaurin yatsu biyu zuwa uku, leda a tsakani, ki rubuta abin da ke ciki, ki kai firizar da ke ƙanƙara sosai, wajen masu sayar da ƙanƙara ko masu ɗakin sanyin kifi. Sharaɗi ɗaya: wutarsu ta zama tsayayya. Firizar da ke narkewa kullum tana sake daskarewa ta fi rashinta illa. Daga baya ki riƙa ɗauko ɗauri ɗaya, gwargwadon abin da za ki iya shanyawa a yini.

Zanen yadi ba ya shiga firiza. Kada kuma ki cire shi daga katakon da aka ɗame shi a kai, yadin zai tsuke fentin ya farfashe. Ki kwantar da shi fuska sama, bulo a ƙarƙashin kusurwoyi huɗu don iska ta bi ta baya. Fentin akirilik yana yin laushi da fari-fari in ya sha ruwa, kada ki taɓa fuskarsa, yawanci yana komawa daidai in ya bushe. Inda fenti ya ɗaga kamar zai ɓare, ki bar shi a kwance. Waɗanda ke cikin firem, ki fitar da su, ki jefar da kwalin baya. Wanda ya manne da gilashi kuwa ki bar shi a jikinsa ya bushe, gilashin a ƙasa, bayan kin ɗauki hotonsa.

Katakan da kika sassaƙa sun fi hotunan da aka buga da su daraja, tunda daga katako ɗaya za ki sake buga hamsin. Ki ɗauraye su da ruwa mai tsabta da tsohon buroshin haƙori, ki tsane, ki jera su a inuwa da siraran itace a tsakani, nauyi a sama. Su nasu bushewar a hankali ake so, mako biyu zuwa uku. In rana ta dake su za su tsage ko su karkace, kuma katakon da ya karkace ba ya karɓar tawada daidai. Wuƙaƙen sassaƙa a goge tsatsa da kananzir, a shafa mai. Robar mirgina tawada a wanke, a rataye ta, kada ta kwanta a gefe ɗaya ta lotsa.

In funfuna ta riga ta kama wasu, ki ware su nesa da sauran. Ɗanyar funfuna ba a goge ta. Ki bar takardar ta bushe har funfunar ta zama gari, sannan ki kakkaɓe a waje, da takunkumi, iska tana bayanki. Tabon zai iya zama, amma cin takardar ya tsaya.

To, Malam, ga naka, don mun san kana ji. Ruwan ambaliya ba ruwa ba ne kawai, laka ce mai gishiri da datti, kuma ko ta bushe tana nan a kan allon lantarki tana haɗa wayoyin da bai kamata su haɗu ba. Injin da ake iya ceto da wanki, kunnawa ɗaya ke ƙona shi, in ma bai ja mai shi ba.

Injin gasa riga: a kwance murfin akwatin da ke sarrafa zafi, a wanke allon da ruwa mai tsabta da buroshi mai laushi, a bi da sipirit don ya kore ruwan, a bar shi a buɗe gaban fanka mako guda aƙalla. Abin da ke ɓoye ruwa shi ne audugar da ke rufe farantin zafi da kuma bakin wayoyin da ke shiga cikinsa. Kafin a ba shi wuta, mai gyaran lantarki ya auna da mega, na'urar da ke gano ko wuta na yoyo, tsakanin waya da jikin inji. In bai kai megohm 1 ba, bai bushe ba ko kuma ya huje. Soket da makunni da bireka da suka nutse a sauya su kawai, ba su da tsadar da za a yi caca da rai a kansu.

Janareta ita ce ba ta son jira da yawa, don tsatsa na kama cikin silinda. A zubar da baƙin mai, za ka gan shi ya yi fari-fari kamar an zuba madara. A juye tanki, a kwance kafireto a wanke, a sauya matatar iska. A cire fulogi, a ja igiya sau da dama ruwa ya fito ta ramin, a ɗiga ɗan mai a ciki a sake ja. In ka ja da fulogi a ɗaure alhali akwai ruwa a silinda, ruwa ba ya matsuwa, sandar fistan ce za ta lanƙwashe. Ɓangaren kwayil ya bushe sarai kafin a tayar. Bayan ta yi aiki kamar minti 15, a sake zubar da man a zuba sabo.

Kwamfuta ita kanta ana sayen wata, zane-zanen abokan ciniki na shekaru da ke cikinta su ne dukiya. A cire ma'ajiyar bayananta. In irin mai faifai ce mai juyawa, kada a buɗe ta, kada a busar da ita a rana, kada a gwada ta a wata kwamfuta. A sa ta a leda a ɗaure a kai wa masu ceto bayanai. Filash da katin waya a ɗauraye, a bar su kwanaki su bushe, galibi suna tashi. Kuma ka bincika WhatsApp da imel ɗinka, duk tambarin makaranta da ka taɓa tura wa wani ya duba yana nan, ko a wayarka ko a tasa.

Kayan sikirin sun fi sauƙi. Firem ɗin alminiyam wanki kawai yake so. Na katako a ɗora shi a kan gilashi ko tayil bayan ya bushe. In yana rawa ya karkace, raga ta saki, launi biyu ba za su ƙara hawa daidai ba, sai a sake ɗamewa. Duk ragar da ke da zane a wanke maganin haskawar da ke jikinta, wato shafin da haske ke fitar da zanen a kansa, a wanke maiƙo da datti da kyau, in ba haka ba sabon shafi zai fito da ƙananan huji. Maganin haskawa da aka riga aka haɗa dama makonni kaɗan yake yi, wanda ruwa ya shiga a zubar. Fentin filastisol, wato fentin riga mai kauri da ba ya bushewa sai an gasa, ba ya gauraya da ruwa: in murfi a rufe yake, lafiya lau, in ruwa ya shiga, a tsiyaye, a kwashe saman da kauri, a gwada a tsumma, a gasa a digiri 160 na ma'aunin Salsiyas, a ja a gani ko zai tsage ko ya yi ƙuraje. Fenti mai ruwa da ambaliya ta taɓa zai yi wari ya ruɓe, babu ceto. Allon da ake shimfiɗa riga in na garin katako ne ya kumbura ke nan, a yanka sabo. Boris da hannayen teburin bugu a wanke da kananzir a cusa sabon giris.

Gidan kansa: a kwashe laka tun tana ɗanya, a wanke da omo, sannan a bi da rabin lita na bilic irin Jik ko Hypo a jarkar ruwa mai lita 20, a bar shi minti 10. Kada a haɗa bilic da wani sinadarin shago ko maganin wanke masai, hayaƙinsa na kisa. Katifar soso da ta sha wannan ruwan a haƙura da ita. Ruwan rijiya da na burtsatse a tafasa kafin a sha, kwalara ba ta nisa da irin wannan lokaci. Kada ku yi gaggawar fenti, bulon siminti yana riƙe ruwa a ramukansa makonni. Ku manna leda mai faɗin tafin hannu biyu a bango da salatif, ku duba washegari. In ta yi gumi a ciki, da saura. Hunturu na tafe, zai yi muku rabin aikin. Takardunki kada su koma ɗakin sai ledar ta kwana a bushe.

Batun makarantar nan shi muke zaton yana danne maigida fiye da injin. Ku je musu da ƙafarku cikin makon nan, da hotunan, kafin su neme ku. A fikihun Malikiyya mai sana'a yana lamunin kayan da aka ba shi aiki, sai in akwai shaidar cewa sun halaka ba da sakacinsa ba. Ga amfanin hoton da shaidar maƙwabta. Yadda hukuncin zai hau kanku ya danganta da ko su suka kawo rigunan ko ku kuka saya, don haka ku zauna da malamin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi, a rubuta abin da aka cimma. Ku je da tayi a hannu, ba haƙuri kaɗai ba: sabuwar rana da za ku iya cikawa, ko mayar da kuɗin kashi-kashi. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarni da a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, kuma garin kowa ya san abin da ya faru. Rigunan da ba a buga ba a wanke su da ruwan zafi. Waɗanda suka fita tas a nuna wa masu su a faɗa musu gaskiya, su zaɓa. A nemi abokin sana'a a unguwar da ruwa bai kai ba, a yi hayar teburinsa da dare a fitar da aikin. Riba za ta ragu, amma makarantar za ta dawo baɗi. Ku kuma rubuta jerin asararku da kimar kowane abu, ku kai sunanku wajen mai unguwa da hukumar agajin gaggawa ta jiha da ta ƙasa, wato NEMA. Kada dai ku jingina tashin shagon a kan abin da zai fito daga can, kuma ku guji bashin manhajojin waya masu ruwa.

Shirun nasa, 'yar'uwa, kada ki matsa masa da tambaya. Mutumin da ya saba ciyar da gida da hannunsa, son tayar da injin nan son ya ji cewa bai rasa komai ba ne. Ki ba shi aikin da zai ga sakamakonsa yau: janareta, da ɗaga takardu da fim, wanda hannun mai sikirin ya fi kowa iyawa. Ke ma akwai zanen da ba zai dawo ba, kuma kukansa ba rashin tawakkali ba ne. Kada ki jefar da ko ɗaya cikin watan nan, ki ajiye har ya bushe ki sake dubawa da idon da ya huta. Amma in makonni suka wuce ba ya barci, ba ya cin abinci, ko ya fara maganar gara mutuwa, ki sanar da babban da yake jin nauyi, ku kai shi ga likita. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a nan Maiduguri, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne.

Ranar da za ku sake jera shago, shatin da ruwa ya bari a bango shi ne ma'auninku. Kantar takardu da katakan sassaƙa su hau samansa, soket ma a ɗaga su, inji a kan teburin ƙarfe. Ayyukanki mafi daraja su zauna cikin robobi masu murfi da mutum ɗaya zai iya ɗauka a ka ya fita da su, kowane zane kuma a ɗauki hotonsa ranar da aka gama shi a tura imel. Ki sake rubuto mana in kun raba takardun, musamman in akwai waɗanda suka manne da gilashi, mu faɗa miki mataki na gaba.